Goggo da sunan da Kaka ba ta taɓa faɗa ba

Duk Bahaushen da ke Greensboro, daga mai tuƙa tasi har mai digiri uku, ya san ni na wanke zuri'armu. Ni na tono Baturen nan daga ƙarƙashin takardun da ɓera ma ya gaji da ci ya bari. Na shiga laburare da baƙin gashi na fito da furfura, na murza kwamfuta har yatsuna suka yi kanta. Haka nake faɗa a wurin suna, haka nake faɗa a wurin ɗaurin aure, kuma da haka na yi niyyar buɗe wannan rubutu, sai maman yara ta leƙo ta kafaɗata ta karanta, ta ce in ji tsoron Allah, Goggo ko arba'in ba ta yi a ƙasa ba. To, na ji. Furfurar dai tawa ce, wannan ba mai ƙwace mini. Sauran kuwa bari in faɗe shi yadda ya faru.

Goggo, yayar mahaifina, ta rasu ranar wata Talata da hantsi a ɗan gidanta na Glenwood, tana zaune a baranda da faifan wake a cinya. Daga Allah muke, gare shi muke komawa. Ita dai ta riga mu ne, kamar yadda ta saba rigan kowa isa wurin jiran bas.

Kafin azahar titin ya cika da motoci, har ɗaliban jami'a da ke haya a maƙwabta suka fito suna tambaya ko biki ake yi. Da aka gaya musu, wata doguwar yarinya mai ɗan kunne a hanci ta zauna a bakin titi tana kuka, wai wa zai ƙara ba ta ƙosai ranar Juma'a. Ƙawayen Goggo 'yan Maraɗi da Damagaram suka karɓe kicin ba tare da sun nemi izinin kowa ba. Babbarsu, tana yanka albasa, ta ce Goggo ba ta yi lakwal ba, wato boko, amma ta fi duk masu lakwal ɗin garin nan kai, kuma ni take kallo tana faɗa. Ɗan Goggo ya iso da yamma daga jihar da aiki ya kai shi. Shi ne ya kawo ta ƙasar nan renon jikoki, da zai ƙaura ta ce ya sauka lafiya, ita ba za ta bar kuɓewarta ba. Ya zauna a ɗakinta riƙe da carbinta, ya kasa ko amsa gaisuwa. Jikokin kuwa ana yi musu ya haƙuri da Hausa suna godiya da Turanci.

Likita ma ya zo. Ɗan garinmu ne, dattijo, yana zaune a Irving Park cikin gidan da in ka tsaya a ƙofa ka yi sallama sai gobe za ta isa falo. Ya shigo ya yi gaisuwa, ya zauna a ƙasa kusa da takalma. Na dube shi na ce a raina, zauna da kyau Alhaji, ranar uku akwai magana.

Can sai ga wata tsohuwar Baturiya ta shigo, ta yafa gyale a karkace, tana riƙe da kwanon gasasshen dankali. Duk falo aka juyo ana kallonta. Na ji wata a bayana tana raɗa wa ta kusa da ita, "Dangin fadan ne suka zo?"

Wannan raɗar ce ta zaunar da ni rubutu. Mai raɗar ta san kanta, kuma na san tana karatu, don haka ta gyara tabarau.

Ga yadda asalin yake. A garinmu na bakin dogo, zamanin Turawa, an yi wani Bature malamin makaranta. Ya zauna da wata 'yar marina, suka haifi 'ya mace, sannan aka wayi gari ya tafi bai dawo ba. 'Yar marinar ita ce wadda dukanmu muke kira Kaka. 'Yar da aka haifa ita ce Inna, mahaifiyar Goggo da mahaifina. A gidanmu ana cewa aure ne, a gaban alƙali, da shaidu. A gari kuwa ana cewa mutumin fada ne, limamin coci, irin waɗanda ba sa aure, don haka kowa ya lissafa wa kansa ko Inna mece ce. Inna ta rayu da wannan magana ta mutu da ita. Mu kuma muka gada tare da hasken fata da wani hanci wanda yake riga ni shiga ɗaki.

Abin da ya hana a kashe maganar tun can shi ne ba wanda ya san sunan mutumin. Kaka ta yi tsawon rai, Goggo ta tashi a ɗakinta, amma ko sau ɗaya ba ta ji ta ambaci sunansa ba. Kun san matan da. Malam take ce masa, har ta koma ga Allah. Abu biyu kawai ta bari: wata 'yar ƙararrawar tagulla ta makaranta, da labarin cewa in kana son ka ga Malam ya yi ja kamar gauta, ka ce masa Ingilishi. Yakan ce shi mutumin Ailan ne, kuma waɗanda suka ci ƙasarmu tasu suka fara ci.

Ƙararrawar nan Goggo ta taho da ita Amurka a cikin zani. Da ita take kiran ɗalibai cin ƙosai, da ita take korar kuregu daga kuɓewa. Kuɓewar ma labari ce. Kowa a titin yana da ciyawa a gaban gida, ita ta tuge tata ta shuka kuɓewa da yakuwa. Aka turo wani jami'in hukumar gari ya yi mata bayani, ta saurare shi har ya gama, ta tambaye shi ko ciyawa ake ci a gidansu. Ya tafi da leda cike da kuɓewa, bai sake dawowa ba. Motata kuwa ba ta shiga sai dole, wai ina tuƙi da baki, kafin in gama labari ɗaya mun wuce kwana uku. Ta fi son bas ɗinta. Direbobin duk sun san ta, akwai wanda yake tsayawa inda ba a tsayawa saboda ita.

Ni ba ta taɓa kiran sunana ba, domin sunan mahaifinta aka sa mini. Mai sunan Baba take ce mini, tun ina yawo ba wando har na zo ƙasar nan karatun digiri na biyu na ƙare ina sayar da inshorar mota. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ranar da abin ya tashi, Babbar Sallah ce, mun taru a wata rumfa a filin shaƙatawa, kowane gida da abin da ya kawo. Goggo ta kawo tuwon shinkafa da miyar kuɓewa ɗanya a tukunyar da za a iya yi wa yaro wanka a ciki. Wata baƙuwa ta yaba gashin jikar Goggo, ta tambaya ko Fulani ne mu. Likita, da loma a hannu, ya yi dariya ya ce ai jinin fada ne, fada kuwa aikinsa ɗaura wa wasu aure, shi ba a ɗaura masa.

Aka yi dariya. Ni ma na yi, na fi kowa ma. Tun ina firamare ake ce mana jikokin fada, kuma tun lokacin na gano cewa in na riga mutum yin dariyar, zagin ba ya zafi sosai. Duk barkwancin nan da kuka san ni da shi, can ya samo asali.

Goggo ta ajiye ludayi. Ta taka a hankali har gabansa, ta ɗauke farantin daga cinyarsa, da sauran tuwo da nama a ciki.

"Likita, bakin da ya ci tuwona ba zai ci naman uwata ba."

Ya ce ai wasa ne, Hajiya. Ta ce ita ma wasa take yi, ta juye tuwon a kwandon shara. Sannan ta gaya masa a gaban kowa cewa macen da ba a aura ba ba ta ɓoye sunan namiji, Kaka kuwa ta ɓoye har kabari. Likita, da yake kunya ta kama shi kuma mutum ne da bai saba a ɗauke masa faranti ba, ya ce wani ɓoyon na ladabi ne, wani na abin da aka aikata ne, kuma zamanin nan takarda ake nunawa. Goggo ta ce to, takarda. Ta ɗaure tukunyarta ta tafi jiran bas, ranar Sallah, da sauran tuwon mutum ashirin a ciki.

Washegari ta kira ni. Ta ce tunda an kashe kuɗi an kai ni makaranta, yau ga ranarsa. Na bugi ƙirji na ce ta ba ni mako biyu, in mutumin nan ya taɓa numfashi a duniya zan kawo mata shi har da lambar takalminsa.

Na fara da abin da kowa ke yi, na tofa yawu a 'yar kwalba na aika gwaji. Sakamako ya dawo ya ce lalle akwai jinin Ailan. Na kai mata ina taƙama, ta ce wannan ai madubi ma yana gaya mata kullum, kuma shi kyauta. Daga nan muka nufi laburaren cikin gari, ɗakin da ake binciken asali. A nan muka haɗu da tsohuwar Baturiyar nan mai gyale a karkace, ita ke kula da ɗakin. Ita ma kakanninta daga Ailan suka zo, don haka da ta ji labarin sai ta jawo kujera. Ta tambayi sunansa, muka ce babu. Ta tambayi shekara, Goggo ta ce shekarar da fara ta cinye gero, Inna tana goye. Na fassara, ina ɗan dariya don Baturiyar ta san ni wayayye ne. Ita ba ta yi dariya ba, ta rubuta.

Na ce wa Goggo ta huta, sauran aikin na masu boko ne. Na yi wata shida ina aiki, kuma wallahi na yi aiki. Na rubuta wasiƙu, na buga waya ƙasashen da ban san suna da waya ba, na tara hotuna. Wata Asabar na ɗauko tulin na kai mata, na baje a tabarma na ce ta duba da kyau ko za ta ga mai hancin Inna.

Ta sa tabarau ta ɗauki na farko, ta ɗauki na biyu. Ta daɗe a kan na biyar. Ta tambaye ni me ya sa dukansu suke sanye da doguwar riga da farin abu a wuya. Na ce ai limaman coci ne da suka yi aiki a Arewa, daga nan ya kamata a fara.

Ban san abin da na faɗa ba sai da ya fita. Wata shida ina neman kakan mahaifina, kuma ko sau ɗaya ban buɗe littafin malaman makaranta ba. Coci-coci nake bi. Ba wanda ya ce in yi haka. Abin da aka cusa mini a filin firamare ne ya zauna, ni kuma ina ta dariya a kansa ban san na haɗiye shi ba.

Goggo ta tattara hotunan ta daidaita gefensu, ta miƙo mini da hannu biyu kamar mai ba baƙo ruwa.

"Ashe kai ma a farantin Likita kake ci," ta ce. "Tashi, mai inshora, zan yi salla."

Mai inshora. Duk lokacin sanyin shekarar nan haka na zama. In na kira waya ta ce wa ke magana, mai inshora ne? In na kai mata cefane ta karɓa ta yi godiya irin wadda ake yi wa ɗan aike. A taron jama'a ta gabatar da ni ga wani sabon ɗalibi ta ce ga wani mai inshora, mutumin kirki ne, in ka sayi mota ka neme shi. Na yi shekara hamsin ina Mai sunan Baba, rana ɗaya aka tuɓe ni kamar dagacin da ya ci haraji. Na aika maman yara ban haƙuri, aka ba ta yakuwa aka sallamo ta.

Abin da ya faru a watannin nan, matar laburare ce ta ba ni labari ranar rasuwa, muna tsaye a bakin kuɓewa. Goggo ta riƙa zuwa laburaren ita kaɗai, Talata da Alhamis. Ta hau bas daga Glenwood ta sauka a tasha, ta taka da sandarta, cikin sanyin da ni ko kare na gani a waje sai in tausaya masa. Turancinta na talabijin ne da na jikoki, Baturiyar kuwa Hausarta ba ta wuce sannu ba, amma suka fahimci juna. Baturiyar ta aro tsofaffin rahotannin gwamnatin Turawa, irin waɗanda aka ɗauka a fim ana murzawa a na'ura, ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta sami shekarar da aka yi kukan fara a lardinmu. Ta samo jerin ma'aikatan ilmi na lokacin. Sunaye suka fito da yawa, kuma ana ta canza musu gari. Nan aiki ya tsaya, domin ba suna.

Goggo ta yi mako biyu ba ta zo ba. Ranar da ta dawo, ko mayafi ba ta gyara ba ta ce a ba ta takarda. Ta tuna wani abu. Tana yarinya Kaka takan aike ta Sabon Gari sayen kananzir wurin wani Inyamuri ɗan coci. Duk gari da sunansa ake kiransa, sunan da aka sa masa a coci. Kaka kaɗai ce ba ta faɗa. Kullum sai ta ce, je ki wurin Mai sunan Malam ki sayo na kwabo. Goggo ta yi shekara saba'in tana ɗauke da wannan a kai ba ta san mabuɗi ba ne, ita da take kirana Mai sunan Baba safe da yamma. Wai tana cikin jin haushina ne, tana tunanin ko ta mayar mini da sunan ko kada ta mayar, abin ya faɗo mata. Kun ga ke nan ko a nan da hannuna a ciki, amma maman yara ta ce kada in ƙara.

Sunan mai kananzir ta sani sarai. Ta rubuta shi da irin rubutun yaƙi da jahilcinta, ta tura wa Baturiyar. Baturiyar ta ce ta faɗa mata da baki, Goggo ta ce ina, ai ita jika ce, Malam mijinta ne, ba ta fara a kan tsufa ba. A cikin jerin nan mutum ɗaya ne mai wannan suna. An tura shi makarantar garinmu, ya yi 'yan shekaru, shekarar da ta biyo bayan fara sunansa ya ɓace. Suka same shi a jerin fasinjojin wani jirgin ruwa, an rubuta sana'arsa malamin makaranta. Baturiyar ta rubuta wa ma'ajiyar tsofaffin takardu a can Ingila ta nemi fayil ɗinsa. Suka zauna jira.

Bishiyoyi sun fara fure lokacin da Goggo ta kira ni ta ce mai inshora ya zo yanzu. Na tarar da ita a baranda da babban ambulan a kan cinya. Ta ce in karanta, in mayar mata da Hausa, kuma kada in ƙara gishiri ko ƙwaya ɗaya.

Takarda biyu ce. Ta farko wasiƙa ce ta wani babba a ofishin ilmi, da keken rubutu, yana kai ƙarar malamin. Wai an gargaɗe shi bai ji ba. Ya je gaban alƙalin gari da shaidu, ya furta kalmar musulmi, ya ba da sadaki, ya auri 'yar wani marini. Ya bar gidan bariki ya koma cikin gari yana zama a tabarma, har matar ta haihu. Wannan, in ji mai wasiƙar, zubar da girman Turawa ne a idon talakawa, don haka a sallame shi a sa shi a jirgi na gaba. Mutumin ya rubuta ta ne don ya tozarta Malam. Ya zauna ya jera laifuffukansa ɗaya bayan ɗaya da kyau, bai san shaidar aure yake rubuta wa wata tsohuwa a Glenwood ba.

Ta biyu da hannu aka rubuta, rubutu ƙanana a tsaye, irin na mai koyar da yara. Malam ne, daga Ailan, yana roƙo a bar shi ya koma ko da ba aikin gwamnati, ko kuwa a taimaka a kawo masa matarsa da 'yarsa. An ja layi a kai an rubuta an ƙi. Bayan wannan babu komai a fayil ɗin. Ba mu san inda ya ƙare ba, ba mu san inda aka binne shi ba.

Ni da ake cewa ko a makabarta sai na ba mutane dariya, na kasa kai ƙarshen takardar. Goggo ba ta yi kuka ba. Ta ce in koma wurin da ya ce matarsa. Na koma. Ta ce in sake. Na sake. Sannan ta ce ashe ya nemi dawowa, Kaka kuwa ta mutu tana cewa jirgi ne bai samu ba. Ta ce ranar Juma'a za a yi ƙosai biyu, ɗaya na ɗalibai, ɗaya sadakar Malam.

Ta miƙe da ƙyar, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta juyo ba. "Mai sunan Baba, akwai tuwo a tukunya."

Ban taɓa cin tuwo mai daɗin wannan ba, kuma na ci tuwo a duniya.

Na so a yi gangami. Na ce a buga takardar a raba a masallaci, a sa a waya, a ɗauki hayar jirgin sama ya jawo ta a sararin Irving Park. Ta ce in zauna. A rumfar da aka faɗi magana, a nan za a janye ta, ranar Babbar Sallah, a gaban mutanen da suka yi dariya. Ta sa na yi wa takardar firam, ta rataye a falo sama da ƙararrawa. Ni kuwa na shiga gari ina ba da labarin yadda na tono Bature. Ta ji, ba ta ƙaryata ni ba, sai dai in na zo ta tambaye ni ya gajiyar bincike.

Saura 'yan makonni Sallah, Goggo ta rasu.

Sunan Malam yana nan a bango, amma ba za ku gan shi a rubutun nan ba. Kaka ta riƙe shi har kabari, Goggo ta rubuta ba ta furta ba, ba ni zan zo in watsa shi a titi ba. Wanda yake son gani, har da mai raɗar ranar rasuwa, gidan bai tashi ba. Ku cire takalmi ku shiga ku karanta. In Turancin ya yi muku tsauri akwai mai inshora, yana fassara kyauta. Inna 'yar halak ce, 'yar aure, 'yar sadaki. Kaka matar aure ce da aka raba da mijinta da ƙarfin hukuma. Allah ya jiƙan su biyun, ya jiƙan Malam a duk ƙasar da ta rufe shi, ya sa Goggo ta tarar da su ta ba su labari da bakinta, domin ta fi ni iya faɗar gaskiya.

Saura ranar uku. Na kwana biyu ina shirya jawabi. Na gwada shi a mota, na gwada a gaban madubi, har na san inda zan yi shiru in kalli Likita ido cikin ido. Bayan an shafa addu'a, falo cike, mata a kicin suna leƙowa, na miƙe na ciro firam daga bango na rungume. Na yi gyaran murya na ce jama'a, akwai amanar da marigayiya ta bari, kuma akwai wanda ya kamata ya buɗe kunne.

Likita ya ɗaga hannu daga wurin takalma. Ya ce in ba shi minti ɗaya. Ya dafa bango ya miƙe, ya cire hula, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ce shi ne ya faɗi magana a kan mahaifiyar Hajiya ranar Sallah, kuma ƙarya ya faɗa, gadonta ya yi daga bakin manya bai bincika ba. Ya faɗi abin da ke cikin takardar tun daga alƙali har jirgi, bai tsallake ko shaidu ba, bai kalli firam ɗin ba. Ya ce duk wanda ya yi dariya ranar nan ya ji, wanda ba ya nan a kai masa. Ya roƙi ɗan Goggo gafara, ya roƙi jikoki da Turanci. Ya ce alkawari ya yi mata zai faɗa a rumfar Sallah, Allah bai nufa ta ji ba.

Na tsaya da firam a ƙirji kamar mai tallan hoto. Na ce to Alhaji, ya aka yi ka san abin da ke ciki, alhali ni na fara karanta ta?

Ya ce ranar da ambulan ya iso, kafin a kira ni, Goggo ta hau bas har inda bas yake tsayawa, ta taka sauran da sanda, ta buga masa ƙofa. Ta ƙi zama, ta ƙi ruwa. Ta sa shi ya karanta a tsaye a gaban matarsa, ya fassara, sau uku. Ni da aka kira daga baya, an kira ni ne don a gane ko ya rage wani abu.

Na ce ai da ta gaya mini da na kawo masa da kaina, a mota, ba sai ta sha wannan tafiya ba.

Likita ya mayar da hularsa. "Na faɗa mata haka," ya ce. "Ta ce da kai za ta aiko, sai ta tuna hanyar coci kaɗai ka sani."